Jikin Vagn Ya Ƙi Ƙaiƙayi

Da can ni da Vagn Krogh ba abokai ba ne. Gari ɗaya dai muke, Lemvig, wani ƙaramin gari na bakin teku. Na san shi yana gyaran injinan jiragen kamun kifi a bakin ruwa, shi kuma ya san ni da Dagny mai dafa abinci a makarantar da 'yarsa ta yi. Gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga haɓa. Ciwon daji ne ya haɗa mu, don a kaka ɗaya aka cire mana ƙoda ɗaya-ɗaya, ni ta hagu, shi ta dama. Yakan ce idan aka haɗa mu za a sami cikakken mutum guda, amma mai baƙin hali.

A lokacin, in an cire maka ƙodar shi ke nan, babu wani magani da ake bin ka da shi. Sai a ce ka tafi gida, ka riƙa zuwa ana ɗaukar hoton cikinka a ga ko ciwon ya dawo. Wasu ba ya sake waiwayarsu, wasu kuwa kafin shekara ta zagayo ya ɓulla musu a huhu. Mu biyun an gaya mana ƙiri-ƙiri cewa irin namu yana yawan dawowa.

Ana nan sai Likita Malene, wadda ke duba mu a babban asibiti, ta kawo mana maganar gwaji. Ta ce akwai sabon magani wanda ba shi ke kashe ciwon da kansa ba, garkuwar jikin mutum yake zaburarwa ta farauci ragowar ƙwayoyin da wuƙa ba ta gani ba. Ko yana hana ciwon dawowa, ko ba ya hanawa, ba wanda ya sani, abin da ake son ganowa ke nan. Duk wanda ya shiga, kwamfuta za ta jefa masa ƙuri'a: rabin mutane magani, rabi ruwan gishiri zalla. Ƙarin ruwa za a riƙa yi mana duk bayan mako uku, har shekara guda. Mara lafiya ba zai san nasa ba, ita likitar ba za ta sani ba, ma'aikatan jinya ma haka. In ciwon ya dawo, ranar za a buɗe ƙuri'ar mutum a gani, wanda aka samu yana kan ruwa a ba shi maganin.

Na yarda, don zaman jira a gida ya kusa haukata ni. Vagn ma ya yarda. Da yake rana ɗaya aka sa mana, kuma ni tuƙi ba ya cikin abubuwan da na iya, sai ya zama shi ke ɗauka ta a tsohuwar motarsa mai warin man inji da taba, ko da yake ya rantse ya daina sha.

Ɗakin ƙarin ruwan dogo ne, kujeru a jere suna fuskantar juna. Ledar ruwan kowa daga ɗakin haɗa magani na ƙasa take hawowa, an sa mata wata riga mai kauri ruwan ƙasa, ba ka ganin komai a jiki sai lamba. Na ukunmu shi ne Preben, tsohon mahauci daga garin Struer, mutum mai ƙaton wuya da bakin da ba ya hutawa. Muka raba wa juna ranakun kawo kek, Ulla ma'aikaciyar jinya kuma tana kawo kofi. Wanda ya leƙo zai ɗauka hira muke yi. Ba hira ba ce, kowa ledar ɗan'uwansa yake ƙare wa kallo.

"Ni na gano su," in ji Preben tun zuwa na biyu. "In leda ta daɗe ba ta hawo ba, magani ne, don sai an auna an gauraya. Ruwa kuwa ɗauka ne kawai a miƙo."

"Sannu, sarkin basira," in ji Ulla tana lalubar jijiyarsa. "Mai haɗawa riƙe kowace leda yake yi lokaci iri ɗaya, ko ruwa ko magani. Saboda irinka aka yi dokar."

"To sanyin da nake ji yana bin hannuna fa?"

"Daga firji ta fito, Preben. Miƙe hannunka."

Wannan bai hana mu ba. Muka auna ɗanɗanon bakinmu, muka auna barcin da muke yi bayan mun koma gida, har fuskar Ulla muka riƙa karantawa, baiwar Allah da ba ta san komai ba. An dai gaya mana maganin in ya zaburar da garkuwar jiki, wani lokaci takan wuce gona da iri ta far wa mai jikin: fata, hanji, maƙogwaro. An faɗa mana ne don mu kiyaye, mu kuwa muka mai da shi abin nema.

Bayan zuwa na uku ƙaiƙayi ya kama ni. Ya fara daga damtse, ya bazu har baya, da wasu jajayen ƙuraje ƙanana. Ban taɓa murna da ciwo ba sai ran nan. A mota na kasa riƙe bakina.

"Nuna min," in ji Vagn.

Na naɗe hannun rigata.

"Kai, dubi hanya! So kake ka ƙarasa abin da ciwon ya bari?"

Ya mai da idonsa kan titi har muka isa. Da Preben ya gani sai ya daki cinyarsa. "Ruwa ba ya tsami banza! Dagny ta ci ƙuri'a. Yau ke ya kamata ki kawo kek." Shi ma ya ce kwanan nan cikinsa yana ƙugi. Sai muka juya gaba ɗaya muka dubi Vagn.

Vagn ba abin da ya same shi. Yana cin baƙin burodinsa da kifi kamar kullum, yana barci, yana sassabe shingen gidansa. Kumatunsa ma cikowa suke yi. Duk wanda ya gamu da shi a kanti sai ya ce, "Vagn, ka yi kyau fa," shi kuma ya dawo gida ransa a ɓace.

"Ni rayuwata duka sauraron inji na yi," ya ce min wata rana muna komawa. "Injin da ke aiki yana ɗaukar zafi, yana ƙara, yana jijjiga. Wanda ka ji shiru, a mace yake."

"Kai ba inji ba ne."

"Ruwa suke ɗura min, Dagny. Ruwan gishiri. Ga teku nan a bayan gidana, da ma can na je na sha."

Daga nan bai ƙara samun natsuwa ba. Ya sayi ma'aunin zafin jiki yana ta cusawa a baki. Yakan tsaya gaban madubi ya tuɓe riga yana neman ƙurji ko guda ɗaya. Da sassafe, kafin in gama kofi na farko, wayata za ta yi ƙara.

"Dagny, gwiwata tana ciwo. Yana cikin alamomin?"

"Ka kusa saba'in, Vagn. Gwiwar kowa tana ciwo."

"Jiya na yi atishawa sau da yawa."

"Ka share gidanka."

Sai ya kashe wayar ba sallama. Haushi yake ba ni, kuma tausayi yake ba ni, na rasa wanda ya fi yawa.

Da sanyi ya shigo sosai, Preben ya faɗi. Zawo ne ya sako shi gaba ba dare ba rana, har da jini, sai da motar asibiti ta ɗauko shi. Don likitoci su san yadda za su ceto shi, dole aka buɗe nasa, aka samu magani ne. Aka tsayar masa da shi ɗungurungum. Muka je duba shi, muka tarar da ƙaton nan ya zabge, wuyan rigar asibiti ya yi masa yawa.

"Da na san haka ne," in ji Preben da ƙyar, "da na roƙi kwamfutar nan ta ba ni ruwan."

Na yi dariyar dole. Vagn bai yi ba. Muna fitowa wurin ajiye motoci, yana neman makulli a aljihu, sai na ji ya ce, "Shi dai ya samu."

"Ya sami me? Ka gan shi kuwa?"

"Ya san abin da ya shiga jikinsa."

Ban taɓa ganin mutum yana hassadar zawo ba sai ranar. Amma gaskiya ni ma abin ya ƙara min ƙarfin gwiwa: Preben ya ji alama, aka buɗe, magani ne. Ni ma ina jin alama. Lissafin a fili yake, ko haka muka ɗauka.

Solvej ce ta kawo ɗaya maganar. Ita ce 'yar Vagn tilo, malamar makaranta ce a Kopenhagen. Na san ta tun tana ƙarama tana ɓoye min dafaffen karas a ƙarƙashin faranti. Ta zo hutun ƙarshen mako, uban ya kira ni shan kofi, ashe taro ne. Ta ce ta yi bincike, akwai wani gwajin a wani asibiti can wurinsu, irin maganin ne, amma kowa ake ba, babu ruwa. Sharaɗi biyu ne. Na farko, sai wanda jikinsa bai taɓa shan irin wannan magani ba. Na biyu, sai wanda aikin da aka yi masa bai daɗe ba, kuma lokacin Vagn ya kusa wucewa. Don haka dole a buɗe nasa a tabbatar musu ruwa yake sha.

"Kin tabbata ruwa ne?" na tambaye ta.

"Dube shi mana, Dagny. Ya fi ni lafiya. Wandonsa ma ya matse shi."

"Idan kuma ba ruwa ba ne fa?"

"Mama ma haka aka ce mata, ta jira, a sa ido." Ta ture kofinta gefe. "Muka jira, muka sa ido. Ni ba zan sake zama ina kallo ba. Baba, ba zan iya ba."

Vagn yana ta juya cokali a kofin da babu sukari. Na buɗe baki zan ce sauri ya haifi nawa, sai ya riga ni.

"Ke kina da ƙaiƙayinki, Dagny. Mai ƙaiƙayi ba ya gaya wa mara shi ya yi haƙuri."

Na kurɓi kofina.

Ranar da zai gana da Likita Malene ya ce in shiga tare da shi. Injina sun cinye masa kunnen hagu, kuma ba ya son wata kalma ta wuce shi. Malene mace ce siririya, ba ta kai 'yarsa ba ma a shekaru, kullum gashinta a ɗaure kamar mai shirin gudu. Ta saurare shi har ya gama.

"Malene, ki dube ni da kyau," ya ce. "Ruwa ne, ko?"

"Ban sani ba, Vagn."

"Haba, ke fa likita ce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

"Nawa idon bai sani ba. Kwamfuta ce ta sani, sai mai haɗa magani, shi kuma lambarka kawai ya sani, ko a hanya kuka haɗu ba zai gane ka ba."

"Kin san rabinmu ruwa kike ɗura mana, kuma kina iya barci?"

"Wani lokaci ba na iyawa," ta ce. "Amma ka ga Preben. In na ba kowa maganin, wanda ciwonsa bai dawo ba, ta yaya za a san maganin ne ya hana, ko da ma can ba zai dawo ba? Sai a yi ta ba dubban mutane abin da ke tsinka hanji, ba a san ko yana da amfani ba. Ban hana ka wani magani da aka san yana aiki ba. Da akwai shi, da ban yarda a sa wa kowa ruwa ba."

"Dubban mutanen nan ba ni na haife su ba. Solvej na haifa."

"Na sani. Kuma in ciwon ya dawo, ka san alkawarin, za a buɗe a ba ka."

"Wato sai ɓarawo ya shiga gida sannan za ku ba ni kwaɗo."

Ba ta musa ba. Sai ta matso da kujerarta ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Abu biyu nake so ka tafi da su. Na ɗaya, da yawa daga cikin masu shan irin wannan magani ba sa jin komai, ko ɗigo. Kuma akwai waɗanda ke kan ruwa da ke zuwa da ƙaiƙayi da gajiya da ciwon ciki, na gaske, ba ƙarya suke ba."

Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, amma maganar ta sauka a ƙirjina. Na ja hannun rigata ƙasa.

"Na biyu, haƙƙinka ne ka fita duk ranar da ka ga dama, kuma tunda asibitin can suna buƙatar sani, zan nemi a buɗe maka. Amma in an buɗe, babu komawa. In ruwa ne, ka tafi Kopenhagen da fatan alherina. In magani ne, su ba za su karɓe ka ba, ni kuma ba zan iya ci gaba da ba ka ba. Da zarar ka sani, ni ma na sani, ka fita daga gwajin, kuma ba a yarda a ba kowa maganin a wajen gwaji ba. Ka gane?"

"Na gane."

"Kada ka ba ni amsa yau. Ka je ka kwana a kai har ranar ƙarin ruwanku."

Makonnin da suka biyo baya ba wanda ya huta a cikinmu. Vagn ya riƙa zarya tsakanin gidansa da bakin ruwa da ƙofar gidana. Yau ya zo ya ce ya fasa, zai zauna, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gobe ya dawo ya ce wane gatari, wa ya ce masa akwai gatari a hannunsa? Solvej tana kiransa kowace yamma tana tuna masa lokaci yana ƙurewa. Ya kwance injin yankan ciyawarsa da ba abin da ya same shi, ya mayar, ya sake kwancewa.

Ni ma Malene ta bar ni da aiki. Na zubar da sabulun wankin da na canza tun kaka. Na daina sa rigar sanyin ulu da ƙanwata ta saƙa min. Ƙaiƙayin ya ragu kwana biyu, hankalina ya tashi. Ya dawo, na ji sanyi a raina, sannan na ji kunyar kaina. Mace da girmanta tana addu'ar ƙuraje.

"Ki gaya min tsakani da Allah," in ji Vagn ana gobe za mu koma, yana tsaye a ƙofata ya ƙi shigowa. "Da ke ce, me za ki yi?"

"Da na zauna."

"Don kina jin ƙaiƙayi."

"Don ni matsoraciya ce, kuma na fi son ƙofar da ke buɗe a kan wadda aka ce za a buɗe min."

"In ruwa ne, na ɓata shekara a banza, can kuma sun rufe. In ya dawo, me zan ce wa yarinyar nan?"

"In magani ne fa?"

Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna min su, fata sumul, ba ko tabo. "Dube ni," ya ce, ya juya ya tafi.

Ranar, shi ke da kawo kek, bai kawo ba. Ana yayyafi, iska tana kaɗa motar. Kujerar Preben wata sabuwar mata ce a kai, ta rufe kunnuwanta da waƙa. Aka ɗebi jininmu, muka jira, ledoji suka hawo a tire. Ulla ta rataya tawa, ta sa min allura. Ta ɗauko ta Vagn.

"Ajiye ta tukuna," ya ce. "Kira min Malene."

Ulla ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da ledar kan tire kusa da hannunsa. Malene ta zo, ta ja labule ya zagaye kujerunmu biyu, don ya ce kada a raba shi da ni.

"Ka yanke?"

"A buɗe."

"Vagn, an riga an haɗa ta yau. Ka sha wannan, mu sake magana."

"In na ƙara mako uku, can sun rufe. A buɗe."

Ta ba shi takarda ya sa hannu, ta fita. Muka zauna. Ruwan ledata yana ɗiga, shi kuma ƙafarsa tana kaɗawa har kofunan kan tebur suna ƙara. Ya fara gaya min irin jirgin ƙasan da zai hau, da inda zai canza, da wanda zai bar wa makullin gida ya riƙa duba masa bututun ruwa kada su daskare. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka ba tun da na san shi.

Da Malene ta dawo, tun kafin ta saki labulen na gane. Ta zauna a gefen kunnensa mai ji.

"Magani ne, Vagn. Tun ranar farko."

Ya yi dariya. "A'a. Koma ki duba lambar da kyau. Kun haɗa ni da wani."

"Na duba, na sake dubawa. Naka ne."

"Amma ban ji komai ba."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali ya juya ga ledar da ke kan tire a cikin rigarta ruwan ƙasa, dab da gwiwar hannunsa.

"Wannan ma shi ne ke nan?"

"Shi ne."

"To ai ga ta nan, an riga an haɗa." Ya fara naɗe hannun rigarsa da sauri, maɓalli ya tsinke ya faɗi ƙasa. "Ulla, zo ki rataya min. Ku yi kamar ban tambaya ba. Takardar nan a yaga ta. Dagny ba ta ji komai ba. Ko kin ji, Dagny?"

"Ban ji ba," na ce.

"Kin gani? Ba wanda ya ji."

Ulla tana tsaye bakin labule, ba ta motsa ba, idanunta sun kaɗa.

"Ba zan iya ba," in ji Malene. "An riga an buɗe a can, ba a nan kaɗai ba. Ko na so, ba zan iya ba."

"Leda ɗaya, Malene. Ta yau kawai."

"Ka yi haƙuri."

"To me za a yi da ita?"

"Za a mayar da ita ƙasa a lalata."

Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa. Ulla ta ɗauki tiren da hannu biyu ta fita da shi, Vagn ya bi ta da ido har labule ya rufe. Malene ta ci gaba da magana, tana cewa abin da ya riga ya sha bai tafi a banza ba, mai yiwuwa ma ya yi aikinsa, kuma za a ci gaba da ɗaukar hotonsa kamar da. Gaskiya take faɗa, amma ya riga ya juya mata kunnen hagu.

Bai tashi ba. Ya zauna har tawa ledar ta ƙare, hannun rigarsa a naɗe. Ni kuwa ji nake kamar in fizge allurar daga hannuna. Ina zaune ana ɗura min abin da ban san ko mene ne ba, a gaban mutumin da ya san nasa kuma aka ɗauke masa. Raina ya ɓaci da Solvej, ya ɓaci da Preben da bakinsa, da Malene da dokokinta, da ni kaina, kuma na rasa wanda zan kama da laifi a cikinmu.

Muka fito, muka shiga mota. Ya sa makulli, bai tayar ba. Ruwan sama ya ƙaru yana bin gilashi. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ta, ya ga sunan, ya ɗora ta a gaban mota. Ta katse, ta sake ƙara. Ya danna, ya buɗe muryar yadda ya saba saboda kunnensa.

"Baba! Me suka ce? Ruwa ne, ko? Ai na faɗa maka! Ka ji, na kira asibitin nan, sun ce ka zo ranar Litinin da takardunka. Yanzu haka ina ƙaramin ɗakin da za ka sauka, na fara fitar da kwalayena, gadon zai shiga in na juya shi ta jikin taga. Kuma akwai wurin da ake sayar da kifi irin wanda kake so, ba nisa da..." Ta tsaya. "Baba? Kana ji na?"

Ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Ina jin ki, 'yata."

"To me suka ce?"

Ya share gilashin gabansa da tafin hannu, ko da yake ruwan a waje yake.

"Ki bar kwalayenki inda suke, Solvej," ya ce.

Daga can ɓangaren ba mu ƙara jin komai ba sai numfashinta.